Garwashin da Ke Kwana a Tukuba: Rahoto daga Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya bar birnin Sakkwato da la'asar sakaliya ya miƙi hanyar Tambuwal da Jega, tun daga Boɗinga har ya wuce Shagari ya kai Kajiji, ba zai rasa ganin hayaƙi yana tashi a bakin tasha da ƙofar kasuwa ba, inda Rundawa, wato mahauta, suka kafa tukuba suna kewaye wuta da tsire, wasu sun ɗora balangu a kan waya bisa rabin duro, ga masu shayi da murhunsu a gefe, ga mata masu gasa masara idan damina ta yi nisa. Ƙasa ce mai daraja a tarihi, domin a Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu, garin Shagari kuma shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, a can kuma aka yi masa sutura a ƙarshen Disambar 2018. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan waɗannan garuruwa yau kuwa ƙarami ne a ido, bai wuce aikin rubu'in sa'a ba, wato abin da mai gashi ke yi da garwashinsa bayan ya sayar da tsinken ƙarshe, ya ƙirga cinikinsa, dare ya raba, gajiya ta rufe shi.

Abin da aka saba gani shi ne, maigida ya ce wa yaronsa, “Kai, ruhe wutag ga mu tai gida,” yaro ya tattara garwashin wuri guda, ya turo toka a kai, ko ya watsa masa ƙasa tafi biyu, idan ya ga ja ya ɓace kuma hayaƙi ya ɗauke sai ya ce ta mutu, su kama hanya. Babu mugun nufi a cikin wannan, kuma haka yaron ya ga ana yi tun yana ƙarami. Sai dai ya kamata a tuna asalin wannan dabara, domin a cikin asalin nata illarta take. Kafin ashana ta wadata a ƙasar Hausa, lokacin da samun wuta sai da ƙyastu da ƙanƙara, kakanninmu mata sukan binne garwashi a cikin toka da dare da gangan, don ya kwana da ransa, da asuba su tona, su ɗora ƙirare, su hura, wuta ta tashi. Wadda tata ta mutu kuwa sai ta aiki yaro da tsingaro ya ɗebo mata a maƙwabta. Ke nan hikimar da magabata suka ƙirƙira domin wuta ta rayu har gari ya waye, ita ce a yau mutane da yawa ke aikatawa suna zaton kashe ta suka yi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi nazari. Wuta ba ta tsayuwa sai da abu uku, makamashi da zafi da iska, idan aka raba ta da ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya sai ta mutu. Toka kuwa, da yashi busasshe, ba sa yanke iska ɗungurungum, rage ta kawai suke yi, sa'an nan kuma su hana zafi fita, saboda haka garwashin sai ya ci gaba da cin kansa sannu a hankali a ƙarƙashi, alhali samansa ya yi fari fat, har mutum ya iya taɓawa da yatsa bai ji komai ba. Shi ya sa hukumomin kashe gobara a ƙasashe da yawa ke umurtar masu gashi da su ɗauka cewa tokar gawayi tana da rai har sai ta cika sa'a 48. A 2003 wasu likitocin ƙunar yara a birnin Brisbane na Ostireliya, bayan sun ga yawan yaran da ake kawo musu da ƙunar tafin ƙafa daga wutar da aka ce an kashe tun jiya, suka auna abin da kansu: wutar da aka rufe da yashi ta kasance tana da zafi kusan digiri 100 bayan sa'a 8, wato zafin tafasasshen ruwa, wadda aka kashe da ruwa kuwa ta sauko zuwa kimanin digiri 50 cikin minti 10. Wanda ya san yadda almajirai da yaran unguwa ke sammakon zagaya tukuba da kasuwa ba takalmi, ya san cewa wannan awo ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mutanen da suka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kimanin 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

Sa'an nan a dubi inda wannan garwashi ke kwana. Daga watan Nuwamba, idan an gama kaka, ƙauyukan Boɗinga da Shagari cike suke da abin da wuta ke so: karan gero da na dawa an jingine, harawa an ɗora a kan rumfa da rassan itatuwa, dannin kara ya kewaye gidaje, rumbuna cike da damman hatsi, rumfunan kasuwa na zana ne da buhu da leda. A daidai wannan lokaci ne hunturu ke sauka da iskarsa busasshiya daga arewa maso gabas, wadda ke tsotse laimar kowane abu, kuma takan taso da tsakar dare ko goshin asuba, lokacin da babu ido a waje. Iska ta kwashe tokar sama, garwashi ya sami abin da ya rasa, ya yi ja, tartsatsi ya tashi ya sauka a jikin zana. Wani lokaci ma ba sai iska ta zo ba, kare ko akuya ko kaza mai tono sun isa, domin ƙanshin kitsen da ya ɗiga a toka yana jawo su. A tasha kuwa akwai ƙarin musiba, saboda sau da yawa tsakanin mai tsire da ɗan bumburutu mai jarkokin fetur bai wuce 'yan taku ba. Mafi muni a ganina shi ne al'adar kwashe tokar jiya da safe a zuba a bola, inda leda da tsumma da takarda suka taru, domin a nan ne wuta kan yi ta ci a ɓoye har azahar, mai tokar ya daɗe da mantawa, idan ta tashi kuma a rasa daga ina ta fito.

Mutanen jihar nan ba su manta da ranar 19 ga Janairun 2021 ba, ranar da gobara ta cinye sashe mai yawa na Babbar Kasuwar Sakkwato, wadda ke ɗauke da sunan Shehu Shagari, a tsakiyar hunturu. Gobarar kasuwa sabubbanta da yawa ne, akwai wayar lantarki, akwai janareta, akwai man fetur, garwashi ɗaya ne kawai daga cikinsu, amma shi ne wanda maganinsa ya fi kowanne araha, kuma yake hannun talaka. Idan kasuwar da ke cikin birni, kusa da motocin kashe gobara, ta yi irin wannan hasara, to ina ga rumfunan Danchadi ko Dandin Mahe, inda kafin taimako ya iso daga nesa wutar kara ta gama abin da za ta yi? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kuma ya kamata kowane mai sana'ar wuta ya haddace ta, amma kiran waya ba ya rage tsawon hanya.

Wannan mas'ala kuwa shari'a ba ta bar ta ba, kuma abin kunya ne a ce ƙasar da ta yi suna da karatun fiƙihu ita ce za a riƙa tuna wa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya siffanta wuta da cewa abokiyar gaba ce, ya yi umurni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. A wata ruwaya an ambaci dalilin hukuncin, wato ɓera da kan ja lagwanin fitila ya ƙone gida. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya yi bayanin cewa hukuncin yana tafiya ne tare da dalilinsa, duk wutar da ake tsoron ta haifar da gobara ta shiga cikin umurnin, wadda aka amince mata kuwa, kamar fitilar da aka rataye a masallaci ta yadda ba abin da zai kai gare ta, babu laifi a bar ta. Sai mai tukuba ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah, shin garwashin da ya bari a fili, a bakin rumfar zana, a daren hunturu, yana cikin wanda aka amince masa? Malaman mazhabar Malikiyya sun ƙara gaba, domin Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Misira na ƙarni na 14, a cikin Muhtasar ɗin da har yau ake karantawa a zaurukan Sakkwato, ya lissafa mai hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin waɗanda ke lamunin ɓarnar da suka jawo, masu sharhi kuma suka fayyace cewa dukiyar da ta halaka daga aljihunsa za a biya, idan rai ne kuwa diyya tana kan danginsa. Saboda haka faɗin “ƙaddara ce” bayan an yi sakaci, ko da yake gaskiya ne ta fuskar imani, ba ya sauke haƙƙin maƙwabci daga wuyan mai sakacin.

To yaya ake kashe garwashi kisa na haƙiƙa? A nan ya kamata a yi wa masu gashi adalci, domin ƙin zuba ruwa da suke yi yana da hujja. Tukuba ta ƙasa ce, idan aka kwarara mata ruwa sai ta yi laka ta zaizaye, gobe a sha wahalar hura wuta a kanta. Kaskon yumɓu mai zafi yakan tsage idan ruwan sanyi ya same shi farat ɗaya. Duron ƙarfe kuma yakan lanƙwashe, jiƙaƙƙiyar toka ta ci shi da tsatsa, saboda kaifin da ke cikinta. Ban da wannan, ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,700, shi ya sa wanda ya juye bokiti guda a kan tarin garwashi yakan sha tururi da toka mai zafi a fuska da hannu. Idan kuma akwai kitse yana ci, ruwa watsa shi yake yi, wutar ta bi shi duk inda ya fallatsa. Wutar kitse da murfi ko yashi ake danne ta.

Mafita ita ce a raba garwashin da tukubar. Bayan an sauke nama an ɗauke waya, sai a jira kitsen da ya ɗiga ya gama ci, sa'an nan a baza garwashin don zafinsa ya ragu, a sa shebur ko awartaki irin na maƙera a kwashe shi. Daga nan hanya biyu ce. Ta farko, wadda ta fi sauri, a tanadi bokitin ƙarfe da ruwa a ciki, a riƙa tsoma garwashin kaɗan-kaɗan, mutum yana tsaye ta inda iska ke fitowa, a bar shi ya nutse har ƙarar nan ta cuuu ta ɗauke; manyan gutsattsari a fasa su, domin sukan jiƙe a waje alhali cikinsu ja ne. Ta biyu, wadda ta fi dacewa da inda ruwa ke da tsada, a zuba shi a garwa ko tukunyar ƙarfe mai murfin da ke kamawa sosai, a rufe, a ɗora dutse, a ajiye a kan tsurar ƙasa, nesa da zana da kara da jarkar mai, a sarari inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, kada a buɗe sai ya yi kwana biyu. Wanda ke gashi kullum sai ya tanadi garwa biyu yana musanyawa. Robar fenti da kwali da buhu ba su da wuri a wannan aiki ko kaɗan. Tokar da ta rage a tukuba kuma sai a yayyafa mata ruwa da buta, a motsa da ƙarfe, a sake yayyafawa, har mutum ya kara bayan hannunsa kusa da ita bai ji hucin zafi ba. Masu ƙona gawayi a daji sun san wannan sirri tun da daɗewa, domin idan suka toshe ramin da ƙasa sukan bar shi kwanaki, sun san wanda ya yi gaggawar buɗewa gawayinsa zai sake kamawa ya zama toka a gabansa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi gobara ɓoyuwa, wanda nake ganin shi ne ya fi cancantar a yi ta faɗa a masallatai idan sanyi ya shigo. Mutum ya gama gashi, ko uwargida ta sauke tuwo, ga sauran garwashi ja wur, ga ɗari yana ratsa ƙashi, sai a ga asara ce a kashe shi, a zuba a kasko a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma saboda ƙura. An fi yi wa mai jego da tsofaffi da yara haka, don tausayi. Gawayin da ke ci a inda iska ta yi ƙaranci yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye, kuma garwashin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Idan ta shiga huhu, sinadarin jini mai ɗaukar iskar numfashi yakan kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abincinsu alhali mutum yana numfashi. Farkon alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da kowa zai ce zazzaɓi ne ko gajiya, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, sai dai da safe a ƙwanƙwasa ƙofa a ji shiru. Sau da yawa irin wannan mutuwa akan jingina ta ga sammu ko aljanu ko guba a abinci, har a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, zumunci ya lalace, ga kuma kaskon a tsakar ɗaki ba wanda ya dube shi. Iskar da janareta ke fitarwa ita ce dai wannan. Duk lokacin da mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare, kuma akwai garwashi a ɗakin, to a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa sarari, a garzaya asibiti mafi kusa, domin maganinta iskar oksijin ce da ake sa wa majinyaci. Manja da madara da ake ɗura wa wanda ya suma ba sa cire ta daga jini, suna ma iya sarƙe shi. Garwar da aka rufe garwashi a ciki ita ma a waje za ta kwana, ko da a zaure ne kada a shigar da ita.

Ranar da kowane gida ke zama tukuba kuwa ita ce Babbar Salla, lokacin da a ƙasar Sakkwato, kamar yadda ake yi a Jamhuriyar Nijar, akan tsire raguna a jikin itace a kewaye babbar wuta da su, a babbake kai da ƙafafu, mata su kwana suna suya. Masu hura wutar ranar nan galibinsu ba sana'arsu ba ce, yara kuma sun cika gida da ƙofar gida. Yana da kyau a lura cewa layya tana ja da baya kwana 10 ko 11 kowace shekara a lissafin rana. A 2025 ta faɗo a farkon Yuni, a shekaru masu zuwa za ta shiga tsakiyar bazara, daga nan ta gangara cikin hunturu, wato ta bar damina mai rufa asiri ta koma lokacin da komai ya bushe. Idan tsautsayi ya faru yaro ya taka rushi, abin yi shi ne a riƙa kwarara wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a fasa ƙurjin da ya taso. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da gishiri da baƙin mai duk suna ƙara ɓata ciwo, ƙanƙara ma haka. Ƙunar fuska ko tafin hannu ko tafin ƙafa, da duk ƙunar ƙaramin yaro da ta fi faɗin tafin hannunsa, ta asibiti ce, mai tsanani kuma akan tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Wanda wa'azi bai motsa shi ba, la'alla lissafi ya motsa shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mai da gidaje da yawa kan gawayi, kuɗinsa ya hau. Garwashin da aka bari ya kwana a toka yakan cinye kansa, wanda aka shaƙe a garwa ko aka tsoma a ruwa kuwa gawayi ne yake komawa, a shanya jiƙaƙƙen a rana a fili har ya bushe, daga baya a fara wuta da shi. A irin ƙonawar da ake yi a rami, kowane buhun gawayi yakan ci itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, kuma itatuwan da aka fi nema, kirya da marke, ba sa girma da wuri. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na arewa da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa saboda gurgusowar hamada, don haka gawayin da ke ƙonewa a banza cikin dare asara ce ga mai tukuba, asara ce kuma ga dajin da aka saro shi.

Gyaran wannan al'amari ba ya jiran kasafin kuɗin gwamnati, domin Rundawa mutane ne masu tsari da shugabanci tun zamanin da, kuma maganar Sarkin Fawa tana da nauyi a wurinsu. Da shi da sarkin kasuwa da shugaban 'yan tasha za su iya sa sharaɗi cewa ba mai kafa tukuba ko murhun shayi sai an ga garwarsa mai murfi da bokitin ƙarfe, a keɓe rami guda a bayan kasuwa, nesa da bola, wanda nan kaɗai ake zubar da toka, a nisanta masu fetur da masu wuta, a kuma ɗora wa maigadin dare zagaya murahu bayan an watse. Tokar da ta cika kwana biyu ta huce tana da masu so: manomi yana kai ta gona tare da taki, ta itace tsantsa kuma, wadda kitse da leda ba su taɓa ba, mata suna tace ta su sami ruwan toka na miya da na sabulu.